Kirarin Baba Talle a Shagon Oga Dele

Mubina 'yar Agege ce gaba da baya. A nan aka haife ta, a wani gidan haya da ke bayan layin dogo, kuma in tana Yarabanci a bayan labule sai ka rantse 'yar Abeokuta ce. Mahaifinta, Alhaji Harisu, mahauci ne a abbatuwar Oko-Oba, yayanta Ɗan'azumi ma fawar ya gada. Ita kaɗai ce ta kai jami'a a gidan. A shekarar dubu biyu tana aji uku a sashen adabi, kullum sai ta hau motar haya ta danfo har biyu kafin ta isa makaranta.

A zangon ne aka kawo musu sabuwar malama, Dakta Ajibose, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba, aka ba ta kwas ɗin adabin baka. Ranar farko ta ce za ta raba su biyu-biyu, su je su samo tsoho mai waƙa ko kirari a harshensu, su ɗauka a kaset, su rubuta, su fassara. Har nan babu wanda ya damu. Sai ta ƙara da cewa ba za ta karɓi rubutun hannu ba. Kowa ya buga aikinsa a kwamfuta, ya kawo mata a disket, ɗan faifan nan na ajiye rubutu, ya kuma aiko mata ta imel.

Tana fita aji ya kaure. Sun fi tamanin, amma waɗanda suka taɓa zama gaban kwamfuta ba su kai goma ba. Wasu suka ce a rubuta takardar koke, wasu suka ce wanda bai koya yanzu ba yaushe zai koya? Wani ya ce masu goyon bayan Dakta duk 'ya'yan masu janareta ne. Wata ta ce masa ba janareta ya rasa ba, ƙwaƙwalwa ya rasa.

Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi shi ne Ridwanu, mutumin Funtua, wanda ya yi shekara shida yana koyarwa a firamare kafin ya zo Legas karatu. Wajen kawunsa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 yake zaune. Ya hau kan benci ya ce su adabi suka zo karantawa, ba aikin taifis mai buga takardu ba.

"Waƙar da tsoho ya yi shekara hamsin yana ɗauke da ita a ƙirji," in ji shi, "a ce sai ta shiga wannan ɓawon robar kafin ta zama ilimi?"

Wani yana ɗaga masa disket yana tsokanarsa. Ridwanu ya fizge ya karya shi gida biyu. Mai disket ya shirga masa naushi a baki. Nan take benci ya fara tashi sama, aka fasa wa wani goshi da ƙafar kujera, 'yan mata na ihu suna fita ta taga. Sai da masu gadi suka shigo da kulake sannan aka watse.

Takardar koken ba ta yi komai ba, Dakta ta ce dokarta tana nan. Da aka zo rabon aiki kuwa, Hausawa biyu ne kacal a ajin, sai aka haɗa Mubina da Ridwanu.

Ita Mubina kwamfuta ta riga ta shiga ranta. Hausarta ta Legas ce, cakuɗe da Yarabanci da Turancin kan titi, kuma tun tana ƙarama baƙi daga Arewa ke mata dariya in ta buɗe baki. A kwamfuta kuwa in ta yi kuskure sai ta goge, babu tabo, babu wanda zai san ta taɓa yin sa. A shagon Oga Dele ta koya, wani dattijon Bayarabe da ya yi shekaru yana buga takardu a wata masana'anta a Ilupeju. Da aka rage ma'aikata sai ya buɗe shago a Agege, kusa da kasuwa, da kwamfuta uku da layin tarho ɗaya.

Ita ta samo musu Baba Talle, tsohon makaɗin kalangu da ke yi wa mahauta kirari a abbatuwa tun kafin a haife ta. Sun cika kaset uku. Amma da ta zauna saurare sai ta ga rabin kalmomin ba ta taɓa jin su ba. Ridwanu ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta a littafinsa, da rubutun nan nasa mai kyau kamar bugun inji. Dole ya zo shago ya karanta mata tana bugawa, dole ita ma ta jure bakinsa.

Ranar wata Litinin suka haɗu da hantsi. Tun jiya ake ta maganar an yi rikici tsakanin Hausawa da Yarabawa a can wajen bakin ruwa, har an kashe mutane. Alhaji Harisu ya ce mata Agege daban ce, nan an daɗe da zama ɗaya, amma ta dawo kafin azahar. Laraba za su miƙa aikin.

An ɗauke wuta, Oga Dele ya tayar da janareta a ƙofar shago. Su kaɗai ne a ciki. Ridwanu ya ja kujera ya zauna nesa da kwamfutar kamar mai gudun ta shafa masa wani abu, yana karantowa tana bugawa. Can ya leƙo.

"Tsaya, 'yar Ikko. Wannan me kika rubuta?"

"Ƙasa mana."

"Kasa kika rubuta. Baba Talle ya ce ƙasa ta sha jini, ke kin ce macijiya ce ta sha."

"Malam Ridwanu, injin ba shi da ka mai lanƙwasa. Zan sa mata waƙafi a ka, kowa zai gane."

"To ashe. Injin da bai iya rubuta sunan ƙasar da yake zaune a kanta ba, shi ne zai riƙe mana adabi."

"Littafin nan naka in ruwa ya taɓa shi ya ƙare. Wannan kuwa ina dannawa, minti biyu ya isa Ingila."

"Wa Baba Talle ya sani a Ingila?"

Oga Dele ba ya jin Hausa sosai, amma ya saba da faɗansu, yana ta dariya yana gyara firinta. Shi ya fara jin ƙarar. Ya ɗaga kai ya kasa kunne. Daga wajen kasuwa ake jin wani gunji mai tahowa, sai ƙarar ƙofofin ƙarfe ana ta rufewa bi da bi. Wata mata ta wuce a guje da goyo, ba ɗankwali, ba takalmi. Wani ɗan okada ya yar da babur a tsakiyar titi ya faɗa lungu. Sai ga wani mai sayar da rake, Bahaushe, ya zo wucewa yana tangaɗi, hannunsa dafe da wuya, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. Bai kai kwana ba ya faɗi.

Oga Dele ya janyo ƙofar ƙarfe ya danna sakata. Shagon ya yi duhu, sai hasken gilashin kwamfutar.

Mubina ta fizge hular Ridwanu ta cusa a bayan kwalin takardu. "Kada ka yi magana," ta ce. "Ko me suka ce maka, kada ka buɗe baki."

"Kawuna yana..."

"Ka yi shiru, don Allah!"

Duk sauran shagunan layin sun yi tsit, amma janaretan Oga Dele na can waje yana ta ruri. Shi ya nuna akwai mutane a ciki. Aka fara dukan ƙofar da ƙarfe. Wata murya ta ce da Yarabanci in ba a buɗe ba za a tuttula fetur ta ƙasan ƙofa a kunna. Oga Dele ya dubi yaran nan biyu, ya zare sakatar.

Su wajen goma suka shigo, da adduna da fasassun kwalabe, ɗaya da bindigar toka, kowa da jan ƙyalle ɗaure a dantse. Babbansu wani gajere ne mai kauri, riƙe da gatari, rigarsa ta jiƙe da jinin da ba nasa ba.

"Su wane ne waɗannan?"

"'Ya'yana ne," in ji Oga Dele. "Ma'aikatana ne."

Mubina ta durƙusa ta gaishe shi irin gaisuwar 'yan matan Yarabawa, ta ce sunanta Mubinat, gidansu na bayan layin dogo, wannan kuma ɗan uwanta ne, kurma ne, ba ya ji ba ya magana. Harshenta bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mai gatari ya tsaya yana kallon Ridwanu, doguwar fuskarsa da siririn hancinsa, bai gamsu ba, amma ya fara juyawa.

A nan ta ga Wasiu a cikinsu. Tare suka yi firamare, Bayarabe ne amma a gida ɗaya da Hausawa ya tashi, yana jin Hausa kamar ita. Ya rame, idonsa ya yi ja, addarsa ba ta da jini. Ya gane ta sarai. Suka haɗa ido, sai ya kawar da kai ya dubi bango, bai tona ta ba.

Saura kaɗan su fita. Mai bindigar ne ya tsaya gaban kwamfutar ya sunkuya.

"Oga, zo ka gani. Wannan ba Turanci ba ne, ba kuma namu ba ne."

Mai gatari ya dawo ya duba. Ya miƙa hannu ya cafko wuyan rigar Wasiu ya kara fuskarsa da gilashin. "Kai da ka ci tuwonsu ka girma, karanta mana."

"Oga, ban iya karanta shi ba, ji kawai nake..."

Mai gatari ya ɗora masa kaifin a ƙeya. "Karanta."

Wasiu ya karanta baitocin, yana yi yana juyawa da Yarabanci: Mai wuƙa biyu ya fito, ku buɗe hanya. Ƙasa ta sha jini ba ta ƙoshi ba. Gobe ma da sauran yanka.

Mai gatari ya nuna wayar tarhon da ta shiga bayan kwamfutar. "Kun gani? Da wannan suke kiran 'yan uwansu. Muna nan muna fama a titi, su suna aika saƙo Arewa a turo musu masu wuƙa."

"Shanu ake nufi!" Mubina ta ƙwala da Yarabanci. "Kirarin mahauta ne, aikin makaranta ne, wallahi shanu..."

Marin da ya ɗauke ta da shi ya jefa ta kan tebur. Kunnenta ya toshe, bakinta ya cika da gishiri-gishiri. Wani ya fizge mata mayafi ya damƙi gashinta yana buga kanta da katako.

Ridwanu ya miƙe. Ta gan shi ta gefen ido, ta so ta ce masa kada, amma ya riga ta. Ya ɗaga littafinsa sama da hannun dama, ya yi magana da Turancin nan nasa da ba ya ɓoye inda ya fito.

"Ku sake ta. Waƙa ce. Ni na rubuta, ga ta nan, ni ɗalibi ne..."

"Kurman ya yi magana!"

Adda ta sauka a kan hannun da ke riƙe da littafin. Mubina ta ji ƙarar ƙashi kamar ana sara a abbatuwa, ƙarar da ta sani tun tana yarinya. Littafin ya faɗi, yatsu uku suka faɗi tare da shi. Ridwanu ya tsaya yana kallon hannun kamar ba nasa ba. Sara na biyu ya same shi a gefen kai, ya zame jikin bango ya zauna, jini ya rufe masa rabin fuska. Suka hau shi da ƙafa.

Oga Dele ya faɗa tsakiyarsu yana roƙo, yana kiran sunan Allah, yana cewa yaro ne, ɗan makaranta ne. Mai bindiga ya juya gindinta ya maka masa a muƙamuƙi. Haƙora suka zubo. "Maci amana," in ji shi, ya ƙara masa a haƙarƙari. Mai gatari ya ɗaga gatarinsa ya sauke a kan kwamfutar. Gilashin ya fashe da wata irin ƙara, tartsatsi ya tashi, hayaƙi mai ɗoyi ya cika shagon. Ya bi sauran biyun ya farfasa. Wani ya shigo da jarkar man janareta ya fara watsawa a kan takardu.

Cikin hayaƙin wani ya kama Mubina ya yi jifa da ita ƙasa, ya sa ƙafa ya tura ta ƙarƙashin kantar shagon, yana zaginta da ƙarfi don a ji. Ya sunkuyo kamar zai ƙara mata duka. Wasiu ne.

"Ki kwanta kamar kin mutu," ya ce da Hausa, can ƙasa-ƙasa. Ya janyo kwali ya rufe ta.

Ba su kai ga ƙyasta ashana ba. Daga waje wani ya yi ihu, "Mahauta! Mahauta sun taho!" Suka yi waje suna ture juna. Wasiu ne na ƙarshe, santsin fetur ya kwashe shi a bakin ƙofa, ya tashi yana ɗingishi.

Mubina ta rarrafo ta fito. Ridwanu na numfashi, idonsa ɗaya a buɗe. Ta ɗauki mayafinta ta ɗaure masa hannun tamau a wuyan hannu, ta tsinci ɗankwalinta da ya faɗi ta danna a kan raunin kansa. Jinin ya ratso nan da nan, ɗumi, har gwiwar hannunta.

Kabbara ta cika titi. Mahautan abbatuwa ne, sun fi ɗari, da wuƙaƙen fiɗa da adduna da ƙugiyoyin rataye nama. Wasu ko rigar aikinsu ba su cire ba. Uku suka faɗo shagon, na gabansu Ɗan'azumi. Tun da ya ji an fara ya san inda take.

"Mubina!"

"Yaya, Ridwanu, ku ɗauke shi, zai mutu!"

Ɗan'azumi ya dubi fuskarta da ta kumbura, kanta ba ɗankwali, rigarta a yage. Ya dubi yatsun da ke ƙasa. Wani abu ya sauya a idonsa wanda ba ta taɓa gani ba. Sai ya hango Oga Dele kwance a gefe yana nishi.

"Wannan ne ya buɗe musu ƙofa?"

"Shi ya ɓoye mu! Saboda mu suka yi masa haka!"

"Duk ɗaya suke," in ji ɗaya daga cikin abokan nasa, ya taka gaba da wuƙa.

Mubina ta saki Ridwanu ta faɗa kan dattijon, ta rufe shi da jikinta. Ɗan'azumi ya kama dantsenta ya ja, ta ƙanƙame. Ya ja da ƙarfi har ta ji kafaɗarta ta yi ƙara, ba ta saki ba. Ya ɗaga hannu ya zabga mata mari a kan wancan marin.

"Tashi a kansa!"

"Sai dai ka haɗa da ni, Yaya. Ka yanka ni, ka je ka gaya wa Baba kai ka yi."

Ya tsaya yana huci da wuƙa a hannunsa. Bai taɓa dukanta ba tun da aka haife ta. Sai aka yi ihu a waje, "Ga ɗaya nan! An kama ɗaya!" Ya juya ya fita, sauran suka bi shi.

Ta ƙofar da ke buɗe ta ga komai. Sun tare Wasiu a bakin kwalbati, ƙafar ta hana shi gudu. Ya yar da adda, ya kwance jan ƙyallen ya yar, ya durƙusa ya ɗaga hannu biyu yana magana da Hausa. Yana cewa shi ɗan unguwa ne, shi Musulmi ne, bai taɓa kowa ba, a tambayi Mubina. Sunanta ya kira, sau biyu.

Ta miƙe ta yi ƙofa tana ihu, "Ku bar shi! Yaya, shi ya cece ni!" Muryarta ba ta wuce bakinta da nisa ba cikin hayaniyar nan. Wani ya sakar masa ƙugiya a kafaɗa ya fizgo shi ƙasa. Ɗan'azumi ya taka masa kai da ƙafar hagu, ya sunkuya, ya yi abin da yake yi kowace safiya a wurin aiki, da sauri, ba tare da ya duba ba. Ƙafafun Wasiu suka yi ta shure-shure a cikin kwata, sannan suka daina.

Mubina ta durƙushe a bakin shagon ta yi amai.

Wani tsohon mahauci ne ya kawo baron da ake tura nama. Suka ɗora Ridwanu, ta roƙe shi har ya yarda aka ɗora Oga Dele a gefensa, aka lulluɓe shi da buhu don kada a gane shi. Suka bi lunguna. Ko'ina hayaƙi, danfo biyu na ci da wuta a kan babban titi, gawawwaki a bakin hanya, wasu da hula wasu ba hula. A wani ƙaramin asibiti ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta taga ta ce sun cika. Mubina ta yi mata magana da Yarabanci, ta yaye buhun ta nuna mata Oga Dele, sannan aka buɗe.

Kwana huɗu iyalin Alhaji Harisu suka yi a barikin sojoji tare da ɗaruruwan mutane kafin gari ya lafa. Ridwanu ya rayu. Yatsu biyu suka rage masa a hannun dama, idon hagu kuma ya tafi. Kawunsa ya ce ya gama da Legas. Ranar da za su tafi Mubina ta je tashar manyan motoci ta same shi zaune a kan buhu, kansa naɗe da bandeji. Ta tsuguna a gefensa.

"Da na kashe kwamfutar tun da aka rufe ƙofa," ta ce.

"Da ni ma na yi shiru kamar yadda kika ce," in ji shi. "Bar shi, Mubina. Yaya dattijon nan?"

"An ɗaure masa muƙamuƙi da waya. 'Yarsa ta ɗauke shi zuwa Abule Egba."

"Ki gaishe shi. Ki ce masa na gode."

Bai tambayi aikin ba, ita ma ba ta tayar ba.

Da ta koma makaranta bayan mako uku, ta tarar aji na nan yadda ta bar shi. An ɗage ranar miƙa aiki, ana ta gardamar disket da imel. Wasu da suka fi kowa ƙi a da yanzu sun koya, har suna yi wa wasu burga da adireshinsu na imel. Wasu na nan kan bakansu. Wanda ya naushi Ridwanu ya zo ya tambaye ta ina abokin faɗansa, ta gaya masa. Ya juya ya fita daga ajin. Dakta Ajibose ta kira ta ofis, ta saurare ta har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce ta kawo aikin yadda duk ta iya, ko da fensir ne, ta kuma nuna mata kwamfutar ofishin ta ce tana iya amfani da ita. Mubina ta zauna a gabanta, ta ɗora yatsu. Da gilashin ya kawo haske sai warin fetur ya cika mata hanci. Ta tashi ta ba da haƙuri. Daga littafin nan nasa da ta tsinto a shagon ta kwafe aikin a takarda ta miƙa, ta rubuta sunan Ridwanu a sama da nata.

A gida babu wanda ya tayar da zancen. Ɗan'azumi ya koma abbatuwa, yana fita da asuba yana dawowa da la'asar, yana cin tuwo a kwano ɗaya da mahaifinsu. Sau ɗaya ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Kafaɗar ta daina ciwo?" Ta ce ta daina. Ba ta gaya masa wane ne Wasiu ba, ba ta kuma san ko ya ji ihun da ta yi ba.

Wata safiya tana jiran danfo a bakin titi, wata mata ta dafa ta. Tsohuwa ce 'yar siririya, da hoto a cikin leda. Mubina ta gane ta kafin ta yi magana, don ta sha ganinta tana kawo wa ɗanta abinci a firamare.

"'Yata, ba ke ce Mubina 'yar Alhaji ba?" ta ce da Yarabanci. "Ni ce maman Wasiu. Tun ranar nan bai dawo ba. Na je asibitoci, na je wajen 'yan sanda, na je inda ake ajiye gawa. An ce mini an gan shi wajen shagon mai kwamfuta, an ce ke ma kina wurin. Ko kin gan shi?"

Mubina ta dubi hoton. Wasiu ne da rigar Sallah, yana murmushi. Kwandasta na ta kiran fasinja, mutane na ture ta suna shiga.

"Mama, ban gan shi ba," ta ce.

Matar ta gyaɗa kai, ta yi mata godiya, ta sa mata albarka a kan karatunta. Ta matsa wajen mai sayar da burodi ta nuna masa hoton. Mubina ta shiga motar ta zauna a kujerar baya, ta ɗora jaka a cinya. Har suka yi nisa kwandasta na mata magana ba ta ji ba, sai da matar da ke kusa da ita ta taɓa ta.